Kafin Sanyin Ya Ƙare

Kumfa har gwiwar hannu, Auta na durƙushe yana dirzar tayar motar Farfesa, amma hankalinsa na can sama, a ɗakin gwaji. Tun da safe ya ɗura wa injin maganaɗisu ruwan sanyinsa, ruwan da sai an shekara ana roƙo kafin jami'a ta sayo, kuma da an zuba yake fara bin iska. A cikin injin akwai ɗan ƙarfen da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sai sanyi ya kai maƙura ƙwayoyin lantarkin cikinsa ke yin nauyi, su nuna inda kowace ta juya. In ruwan ya ƙare bai gama awo ba, digiri sai baɗi, in ma da rabo.

Farfesa ya san haka sarai, don shi ke duba aikin. Shi dai ya ce a wanke mota, kamar yadda jiya ya ce a ɗauko yara daga makaranta. Mutumin da sai ya sa hannu za ka zama Dakta, wa ya isa ya ce masa a'a?

"Auta? Kai ne?"

Soso ya suɓuce masa. Mahaifiyarsa ce tsaye, ta ci kwalliya da zanen da ba ta ɗaurawa sai da dalili.

"Ka ce yau ce babbar ranar, na ce bari in zo in ga injin nan da ya hana ka aure."

Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya hau kame-kame, ya ambaci Farfesa, ya ambaci ruwa. Inna ta dubi bokiti, ta dubi wandonsa da ya jiƙe sharkaf.

"Ruwan naka yana jira?"

"Ba ya jira, Inna."

Ta yi ɗamara da mayafinta, ta sunkuya ta ɗauki soson.

"Inna, don girman Allah..."

"Kai ma da hannun nan na wanke ka, mota ce za ta gagare ni? Wuce, na ce!"

* * *

Awo ya yi kyau, kyan da bai taɓa mafarki ba. Layi na hawa a allon kwamfuta, ya lanƙwasa daidai inda Auta ya daɗe yana zato. Ko ɗigon daɗi bai ji ba.

Farfesa ya shigo yana sakace, ya leƙa allon.

"Madalla. In ka zo rubutawa, sunana ne a gaba, ka dai sani."

Ya matsa jikin taga, ya kwashe da dariya.

"Kai, ɗan duniya! Ashe 'yar aiki ka samo. Wallahi tsohuwar nan ta fi ka iya wanki. Ka ce mata ta riƙa zuwa gidana duk Asabar, akwai labulaye."

Auta ya buɗe baki. Maganar ta taho har maƙogwaro: uwata ce. Sai idonsa ya sauka kan biron da ke maƙale a aljihun Farfesa.

"To, ranka ya daɗe."

Can ƙasa, Inna ta miƙe tana dafe da ƙugu. Ta hango Auta ta gilashi, ta ɗaga masa hannu tana murmushi, kumfa na gangarowa cikin hannun rigarta. Auta ya ja da baya daga tagar.