Ana Duba Sunanka

Muntaka ya ɗaga wayar a rumfar masu tiyar hatsi, ya karanta wa mutum na biyar saƙon da ya rubuta: "Babu sunanka cikin masu samun hatsi. Kada ka jira."

Tsohon ya tofar da yawu kusa da takalminsa. "Uban wa ya cire ni?"

Muntaka ya sa alama a takarda. Mutum biyar, zagi huɗu.

Haka tsarin aikin yake a biro, wato ofishin ƙungiyar agajin da ta ɗauke shi a Matameye, shekarar da damina ta ƙi, soja kuma suka karɓi mulki. Madam Hadiza, shugabar biron, ta rubuta shi a allo: a lissafa duk abin da waya za ta iya ce wa mutum, a rubuta da Faransanci, Muntaka ya mayar Hausa, a gwada a kan mutum biyar ranar kasuwa, sannan ta sa hannu. Saƙon waɗanda suka samu ya wuce tun makon farko. Na waɗanda aka cire ne ya rage, kuma su ne suka fi yawa.

"Bai ci gwaji ba," in ji Madam da ta duba takardar. "Kaftin ɗin sojan da ke tsaron hatsin ya ce ba ya son taro a ƙofar sito. Sake wani."

"Madam, ai sun gane shi. Shi ya sa suka zage ni."

"Ba ganewa muke aunawa ba. Wanda ya sa suka koma gida shiru, shi ne ya ci."

Ya sake. Kalma ɗaya ɗaya ya zaɓa, masu laushi, irin waɗanda ake faɗa wa mai jinya: "Sannu da haƙuri. Ana duba sunanka. Za mu neme ka." Mutum biyar, addu'a biyar. Wata mata har ta ba shi goro. Madam ta sa hannu, saƙon ya tafi wayoyi dubu uku.

Kasuwa biyu bayan haka ya hangi kawunsa Shekara a tasha, zaune a kan buhun da babu komai ciki. Daga Dawce ya tako. Kowace shekara war haka yana Kano cin rani, yana turo wa gida garin kwaki.

"Kawu, ba ka tafi ba?"

"In tafi su neme ni su rasa?" Shekara ya zaro waya daga cikin leda. "Mai caji ya karanta mini sau uku. Abokan tafiyata su Ɗanjuma sun wuce tun ranar Laraba, na ce su ba wani wurina."

"Me ake ci a gida?"

"Irin shuka muka taɓa. Kaɗan. In hatsin ya zo sai a mayar."

Muntaka ya waiga, ya tsuguna, ya rage murya. Ya san maganar na iya cin aikinsa.

"Kawu, babu sunanka. Babu mai duba komai, an rufe rajista tun watan jiya. Ni na rubuta wannan saƙon. Ga mota can tana lodi, ka shiga."

Shekara ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya yi dariya ta hanci.

"Kai? Kai da aka koro daga lakkwal, karatun bokonka ya tsaya a aji huɗu?"

"Wallahi ni ne."

"Wanda ya rubuta wannan ya san girman mutane. Ya ce mini sannu. Kai tun da ka zo ko gaisuwar kirki ba ka yi ba." Ya mayar da wayar cikin leda, ya ƙulle. "In kana jin kunyar a ga kawunka a layi da buhu, faɗi."

Motar Kano ta cika, ta tashi. Shekara bai ko kalle ta ba.

"Jeka aikinka," ya ce. "Kada ka tsaya mini a gaba, su zo su wuce ba su gan ni ba."