Kansilan da Ya Rasa Kujera

Da aka zaɓi Tela kansila, mutanen ƙauyensu ba su sa ran komai ba. Mutum ne mai nauyin baki, in ya gaishe ka da safe ya gama maganar ranar.

Ranar zaman farko tayar babur ɗinsa ta yi faci, ya iso majalisa a makare. Kansiloli goma sha ɗaya, kujeru goma. Ya raɓe jikin bango kusa da taga.

Shugaban majalisa ya ɗago kai. "Mai girma kansila, tunda ka miƙe, muna sauraronka."

"Ranka ya daɗe, ba miƙewa na yi ba, wurin zama ne babu."

Sakatare ya buɗe littafin doka ya karanta: wanda ke tsaye shi ke da magana, ba a tashi sai ya zauna. Tela ya nemi zama a ƙasa, aka ce doka ba ta san ƙasa ba.

Can ya tuna gwaggonsa ta ce rijiyar bakin kasuwa ta rufta, sai ya faɗa musu haka. Ya gama, aka ci gaba da zuba masa ido. Ya ƙara da rufin makaranta da iska ta yaye, da kwalbatin da ya karya wa jakin maƙeri ƙafa, da asibitin da kaji ke ƙwai a kan gadon haihuwa.

Rana ta karkata, yunwa ta ci kowa. Wani kansila ya so ya ce a sayo kujera, amma dole sai ya miƙe, in ya miƙe kuma Tela ya gaje wurinsa. Kowa ya ƙanƙame tasa.

"An amince! A gyara duka!" shugaba ya daka tsawa. "Don Allah a samo masa abin zama!"

Mai shara ta kawo bokiti ta kife. Aka kaɗa ƙuri'a, bokiti ya zama kujera, Tela ya zauna.

Sati bai cika ba aka fara yashe rijiya. Yana kwance, murya a dishe, sai ga gwaggo da sandarta.

"Ɗan nan, ashe kana da baki? To zama na gaba ka gaya musu haƙorina na ciwo."