Aikin Kakan Souley

"Ka ƙona su, na ce!"

"Ba zan ƙona ba."

"To ka faɗi gaskiya, chale, abokina. Ɗaya cikin biyu."

Souley bai ɗago daga kan keken ɗinki ba. Gafaru, abokin shagonsa ɗan Zongon Kumasi, yana tsaye a kansa da almakashi a hannu kamar zai yanka wani.

Fastocin, wato takardun talla na mannawa a bango, su ne suka jawo rigimar. Shekara uku da suka wuce, da suka kama wannan shago a Layi na 116 a Harlem, Souley ya tarar da su a ɗakin ƙasa cikin wani kwali. Tallan wasannin mawaƙan rok ne na San Francisco, tun shekarun sittin. Launi ja da shuɗi suna faɗa da juna, zane yana murɗewa kamar hayaƙi, ka kalla minti ɗaya kanka ya juya. Ya ɗora takarda a kan ɗaya ya kwafe, ya zuba shi a wuyan babbar riga. Mai rigar ya tambayi sunan aikin. Bakin Souley ya riga hankalinsa.

"Na kakana ne, a Damagaram. Mu kaɗai muka gada."

Kakansa mahauci ne. Har ya mutu bai taɓa zura zare a allura ba.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Ma'aikatan jakadanci suka watsar da aikin aska takwas, kowa sai aikin kakan Souley. Da sunan nan yake ci, da shi ake gaishe shi a masallaci. Sai makon jiya Alhaji Alkasim, babban mai sayensa, ya sa rigar zuwa wata liyafa. Wata Baturiya mai tara tsofaffin fastoci, Misis Orloff, ta bi shi har bakin lif tana nuna ƙirjinsa. Ta ce tana da wannan zanen a gida cikin gilashi, kuma wanda ya zana shi yana raye a Staten Island. Yau za ta kawo shi.

Sun iso bayan la'asar. Alhaji ya shigo gaba, rigar tana ƙara saboda sitaci. Bayansa Misis Orloff da wani dogon bututun kwali. Sai tsohon, Mista Pruett: siriri, gashi fari ɗaure a ƙeya.

Ta sa farin safar hannu kafin ta warware fastar a kan teburin yanka. Souley ya tuna nasa fastocin na ɗakin ƙasa, ɗaya har ya taɓa goge mai da ita. Ya dubi teburin, ya dubi ƙirjin Alhaji. Ko makaho ya shafa zai ce uwa ɗaya uba ɗaya.

"Gafaru, fassara mata," in ji Alhaji. "Ka ce wannan aikin kakan Souley ne, gadonmu ne tun kafin a haifi wannan dattijo. Haka suke. Su kwashe namu su sa a gilashi, in mun sa a jiki su ce mun yi sata."

"Ranka ya daɗe, duka zan faɗa?"

"Kada ka rage ko wasali."

Gafaru ya faɗa, idonsa a kan Souley. Souley yana jira tsohon ya daka tsawa, ya kawo shekara da wata da ranar da ya yi zanen.

Tsohon ya matso, ya shafa zaren da ɗan yatsa. Ya jima. Sannan ya yi magana a hankali, Gafaru na bin sa da Hausa.

"Ya ce shekarun nan ba ya tuna su sosai. Ya ce abin da suke sha a lokacin, ko sunansa wani lokaci sai an tuna masa. Ya ce suna yawan kwafar zane daga littattafan ƙasashe, Indiya, Afirka, ba sa tambayar kowa." Gafaru ya dubi Souley. "Ya ce shekara ashirin da biyar yana alfahari da wannan, ya ɗauka shi kaɗai ne abin kirki da ya fito daga kansa, ashe shi ma kwafo shi ya yi."

"Voilà!" Alhaji ya tafa hannu. "Ba na faɗa ba? Malam Souley, Allah ya jiƙan kakanka."

"Amin," in ji Souley.

Misis Orloff ta riga ta ciro biro. Za ta gyara bayanin cikin littafin da take rubutawa, a cire sunan Pruett daga sama a mayar ƙasa. Tsohon bai hana ta ba. Ya kamo hannun Souley da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce wani abu gajere.



"Me ya ce?" in ji Alhaji.

Gafaru ya ajiye almakashin a kan tebur, ya juyo ga abokinsa.

"Tambayarka yake, maigidana. Wai kai da ka san halin kakanka, kana ganin zai yafe masa?"