Rijiyar Gari a Manhajar Gargaɗi

Ni'ima ce ta kawo shawarar, da gadara kuwa. Manhajarsu tana tura wa ƙauyukan Batsari da Safana saƙo idan an hango 'yan bindiga, kuma duk sanda aka yi mata gyara, kwamfuta kan gwada ta da kanta. Kowane gwaji da nasa kwafin umarnin tura saƙo. Ni'ima ta tattara su a fayil ɗaya, ta ce kowane gwaji ya riƙa ɗiba daga nan kamar rijiyar gari.

Da hantsi, abokin aikinta Muntasir ya so ganin saƙon gwajin, "Sun shigo, ku gudu," a wayarsa. Sai ya shiga fayil ɗin ya cire sharaɗin da ke hana saƙon gwaji kaiwa ga lambobin mutane.

Ni'ima na kallon allo, gwaji bayan gwaji na yin kore. Na Wagini, na Zakka, na Ruma. Sai ta lura kowanne saƙo yake turawa ga mutanen ƙauyen.

"Muntasir, me ka taɓa?"

"Layi ɗaya ne fa, don gwajina kaɗai."

"Wane naka? Rijiyar gari ka zuba wa!"

Wayarta ta yi ƙara. Inna Sauda ce daga Ruma, tana haki, kukan yara da na shanu na tashi a bayanta.

"Ni'ima, muna daji. Mun baro Baffa a ɗaki, ya kasa tafiya. Ta wane gefe suka shigo?"

Ni'ima ta ɗaga kai. Allon kuwa kore shar, wai komai ya tafi daidai.