Jijiyar Hannun Sista

"Ƙara ɗaurewa, Mai Keke. Ba wuyan riga kike aunawa ba."

Mai Keke ta ja tef ɗin awonta har ya nutse a kumburarren damtsen Sista, sannan ta kawar da kai. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakaninsu, ita da kekenta na ɗinki, Sista da fararen kayanta na asibiti, amma har yau ba ta iya kallon allura tana shiga jiki. Sista ta lalubo jijiya da ɗan yatsa, ta soka wa kanta, ta tura maganin a hankali, idonta na kan littafin da ke buɗe a cinyarta.

"Yaya, wannan ta nawa ke nan?"

"Ta sace kumburi ce kawai. Ƙafa ta ragu, takalmi ya shiga, in tafi aji."

"Likita ne ya rubuta?"

"Wane likitan? Wanda na koya wa riƙon jariri?"

Shekara talatin da ɗaya Sista ta yi a ɗakin bakwaini, inda ake ajiye jarirai a kwalba. A layin nan kaɗai akwai magidanta biyu da suka fara numfashi a tafin hannunta. Sai ga takarda an liƙa a allon sanarwa: duk ma'aikaciyar jinyar da ba ta da digiri ta koma makaranta, in wa'adi ya cika ba ta kawo shaida ba, a mayar da ita ɗakin kati, inda ake ajiye katunan marasa lafiya. Sista ba ta yi gardama ba. Cewa ta yi gaskiya ne, ilimi ya yi gaba, akwai na'urorin da take dannawa ba ta san dalilinsu ba. Ta sayi tabarau da jakar goyo, ta zauna a aji ɗaya da 'ya'yan cikinta.

Amma makarantar tana da rajista. Wanda ya yi fashi uku ya maimaita shekara, ita kuwa ba ta da wata shekarar, wa'adin na bana ne. Ta riga ta yi biyu.

"Ki je a duba ki," in ji Mai Keke, tana naɗe tef ɗin. "Fuskarki ta zama kamar ba taki ba."

"In na je kwantar da ni za su yi. Ni ma da wata ce ta zo min a haka, ko gida ba zan bar ta ta koma ɗauko zane ba."

"To ke me ya raba ki da ita?"

"Saura sati uku jarrabawa, ƙanwata. Kin taɓa ganin ɗakin kati? Ko taga babu. Ba abin da ke kuka a ciki sai fanka."

Mai Keke ta sa tef ɗin a aljihu. Ta san Sista ba ta taɓa haihuwa ba, ta san kuma ba ta taɓa jin ta ce "jariran asibiti" ba. Kullum "yarana" ne.

Haka aka ci gaba. Kowace safiya tef, allura, takalmi. Da takalmin ya daina shiga, Mai Keke ta farke shi ta gefe ta ɗinka masa roba. Da rigar aiki ta matse, ta buɗe mata ita, tana ɗinki hawaye na ɗiga a kan farin yadin, tana jin kamar da hannunta take taya mutuwa shiri. Sau biyu ta sa mayafi za ta je ta faɗa wa shugabar ma'aikatan jinya, sau biyu ta dawo daga bakin ƙofa. Wa zai tona asirin wadda ta ba shi amana?

Ranar Laraba da hantsi, saura kwana biyar jarrabawa, Mai Keke ta ji faɗuwar wani abu mai nauyi ta bayan bango. Ta tarar da Sista a ƙasa, jakar goyo a kafaɗa ɗaya, numfashinta na fita da ƙara kamar ana jan ruwa da tsinken roba.

A asibiti likitan ya duba takardar gwaji, ya dubi Sista, ya kasa haɗa ido da ita. Ƙoda ce, duka biyun, kuma an daɗe. Ya ce a sa mata allurar hannu maza. Aka turo wata matashiya sabuwar ɗauka, wadda Sista ke tsokana da suna Mai Digiri. Ta soka a bayan hannu, babu. Ta koma ɗaya hannun, babu. Kumburi ya binne komai. Har karo na huɗu ba ta samu ba.

Sista ta buɗe ido.

"Mai Digiri, ramuwa kike yi?"

"Ki yi haƙuri, Mama. Ba na ganin jijiyar."

"Ba a ganin ta, 'yata. Cire safar hannu ɗaya. Rufe idonki. Danna nan, ƙasan babban yatsa, ki jira ruwan ya janye. Me kika ji?"

"Wani abu kamar zare."

"Ita ce. Kwantar da allurar, kada ki tsaya mata a kai. Ta bakwaini ma haka take, sai dai ta fi wannan kunya."

Jini ya leƙo a gindin allurar. Mai Digiri ta saki numfashi, ta manna filasta.

"Wannan ba ya cikin littafinmu," ta ce.

"Naku kuma ba ya cikin kaina. Da an bar mu mun yi musaya." Sista ta juyo da kai da ƙyar. "Mai Keke, ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya ta wuce."

"An kira rajista ke nan." Ta daɗe tana kallon silin. "Uku."

"Za a rubuta musu takardar asibiti, Yaya. Ai su ma mutane ne."

Sista ta yi ɗan murmushi irin wanda take yi wa uwayen da ta san labarinsu tun kafin likita ya faɗa. Ba ta ƙara tambayar lokaci ba. Ta tambayi jaririn da ke kwalba ta biyu a ɗakin bakwaini, ko ya karɓi nono, aka ce ya karɓa. Mai Keke ba ta san ko gaskiya aka faɗa mata ba.

Washegari da la'asar Sista ta cika, hannunta cikin na Mai Keke. Babu wata ƙara. Numfashi ne ya fita, aka jira ya dawo, bai dawo ba. Mai Keke ta yi salati a hankali, ta shafe mata ido, ta zauna ta rasa inda za ta ajiye hannuwanta.

Mai Digiri ce ta zo cire kayan aiki. Ta kashe na'ura, ta naɗe wayoyi, ta ɓare filastar sannu-sannu don kada ta ja fata. Da ta zare allurar sai ta ɗora auduga a wurin ta danna da babban yatsa. Babu jinin da zai fito. Ta ci gaba da dannawa, kanta a sunkuye, hasken yamma na rarrafowa ta taga zuwa ƙafar gadon, Mai Keke kuma ba ta ce mata ta bari ba.