Layi Huɗu

Ranar gwajin, Yayana ya zo shago da dillalin tsofaffin ƙarafa. Shagon namu ne mu biyu, injin sassaƙa ƙarfen kuma gadon mahaifinmu ne. Yaya ya riga ya yanke hukunci: ko injin ya koyi aiki da kwamfuta kamar na shagon da ke kallonmu, wanda ya kwashe mana masu kawo aiki, ko a sayar da shi a kilo.

'Yata ta fari, wadda ta gama makarantar fasaha, ita ta ce za ta haɗa masa akwatin sarrafawa. Wata biyu tana fama. Ta cire hannuwan juyawa, ta ɗaura ƙananan injinan lantarki a madadinsu, ta cika wani tsohon akwatin mita da wayoyi. Ni dai nawa kallo.

"To, Injiniya, a nuna mana," in ji dillalin. Har ya zauna a kan bencina.

Ta danna. Injin ya fara yanka ramin da boris, zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe, zai zauna a ciki, shi kaɗai, babu hannun kowa. Da ya gama, Yaya ya ɗaga ƙarfen ya leƙa.

"Ke, rami aka ce ko ƙwai?"

Dillalin ya kwashe da dariya. "Gobe in turo mota ta ɗauki gawar?"

"Baffa, lissafina daidai ne," ta ce wa Yaya. Ta shiga bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Na karɓi ƙarfen na shafa cikin ramin da babban yatsa. Tudu huɗu, daidai inda teburin injin ke juyawa baya. Na san su. Shekara ashirin da biyu, duk sanda na juya hannun injin baya, sai na ƙara masa layi huɗu na ma'aunin da ke jikin hannun kafin teburin ya motsa, saboda sukurun da ke tura teburin ya yi lako-lako. Hannuna ke yi, ban taɓa gaya wa kowa ba, don kada Yaya ya ce injin ya mutu.

"Ba laifin akwatinki ba ne," na ce. "Sukurun gefe yana cin layi huɗu. Na gaba da baya, biyu da rabi."

"Baba! Wata biyu kana kallona ba ka faɗa ba?"

"Ke kin tambaye ni?"

"Ka ji ko?" Yaya ya ce. "Da bakinka ka ce ya lalace. Gwaji ɗaya muka yi alkawari da ku."

Ban taɓa musu da Yaya a gaban baƙo ba. Amma na je na tsaya na jingina da injin.

"Ya tsufa, Yaya, bai lalace ba. Rabinsa nawa ne. Mai ɗagawa sai ya haɗa da ni a kilo."

"Kai ai ba ka da nauyi," in ji dillalin.

"Sa masa lambobin," na ce mata, ban ko kalle shi ba.

Ta rubuta su, ta ɗaure sabon ƙarfe, ta danna. Da injin ya tsaya, ni na miƙa wa Yaya boris ɗin da hannuna. Ya ɗora shi a bakin ramin, ya danna da yatsa. Ya shige ciki cif. Ya kifa ƙarfen, ya girgiza, ya buga a tafin hannunsa. Bai faɗo ba.

"Hmm," kawai ya ce.

Na juya wajen dillalin. "Malam, tashi mini daga benci. Injiniya za ta zauna."