Tsakuwa Uku a Kan Daro

Saura kwana huɗu Yasira ta kare furojet ɗinta a jami'a, sai ga ta a Warra, a tsakar gidan uwarta, ta tasa kwamfuta a gaba kamar mai zaman makoki. Manhaja ta rubuta, mai raba ayyuka ga manyan kwamfutocin da ake haya ta intanet, kuma ta tsara gajeren aiki ya fara shiga. Ƙanana suna ta wucewa abinsu, amma wani ƙaton aiki ya kafe a layi, ko motsi ba ya yi. Malaminta ya ce in ba ta gyara ba, sai baɗi.

Uwar tata, Inna Dudu, mai bandar kifi, ta kira ta cin tuwo.

"Inna, bari in gama wannan."

Can anjima ta kira ta su zauna hira, wata shida ba su ga juna ba. Amsar ba ta sake ba. Kai, yaran zamani! Tsohuwa ta goge hannu da zani ta tsaya a kanta.

"Wai mi ya hana ki sakat, ɗiyata?"

Yasira ta yi bayani a gajarce, don ba ta zaci za a gane ba. Inna ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ashe banda kike a jami'a! Taso ki gani."

Ta ja ta wurin murhunanta uku, inda darurrukan kifi ke jere. Karfasa ake fara ɗorawa, don ba ta daɗewa kan wuta. A gefe ga daron giwan ruwa, da tsakuwa biyu a kan faifan da ya rufe shi.

"Duk sadda na tsallake babba na ɗora ƙanana, sai in aza mai tsakuwa guda. In sun kai uku, ko kihin wa ke jira, shi za ya hau. In ba haka ba, yana nan yana kallo har ya ruɓe."

Yasira ta ruga wurin kwamfutarta. Layi bakwai ta ƙara rubutawa a manhajar: duk aikin da aka tsallake a yi masa alama, alama ta uku ta kai shi gaba. Ta danna. Ƙaton aikin nan ya shige salin-alin. Ta yi ihun da ya tarwatsa kajin gidan.

"Inna, ya yi! Bari in tura wa Malam, in gyara babi na huɗu, sannan..."

Ƙwas! Wani abu ya sauka kusa da hannunta. Tsakuwa ce. Sai a lokacin ta lura da wasu biyu a gefen kwamfutar, ba ta ma san sa'ad da aka ajiye su ba.

Inna Dudu na tsaye da kwanon tuwo, ya riga ya huce.

"Uku ke nan," in ji ta.

Kunya da ƙauna suka rufe Yasira lokaci guda. Ta rufe kwamfutar, ta matsa wa uwarta wuri a tabarma.